Goɗiyar da Muka Horar wa Baba

Horar da dawaki na gada. A ƙauyenmu, can tsakanin Nasarawa Burkullu da Adabka, gidanmu ne mai turaku a bayan zaure, kuma tun ina ƙarami nake ganin ana jawo wa Baba duƙushi daga Gummi, daga Anka, wani lokaci har daga ƙetaren gulbi. A kawo masa dabba tana tsalle tana cizon igiya, bayan wani lokaci mai ita ya zo ya hau ya tafi salin-alin. Da babura suka cika ƙasa aikin ya ragu, amma bai mutu ba. Har yanzu akwai masu son doki don kansa, akwai kuma hanyoyin da in damina ta sauka ba babur ɗin da zai bi su. Lokacin da abin da zan faɗa ya faru na riga na yi iyali, na hori dawaki da yawa da hannuna, kuma ban taɓa haɗuwa da wanda ya gagare ni ba.

Idon Baba a hankali ya tafi. Da farko gefe ne ba ya gani, sai ya riƙa cin karo da turke. Daga baya ya zama sai ya ji murya yake gane mutum. Na kai shi asibiti, aka tura mu gaba, likita ya duba ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiyar ce ta gaji, sai dai a yi haƙuri. Baba ya yi haƙurin, amma zaman zaure bai karɓe shi ba. Mutum ne da bai saba wuni a wuri ɗaya ba. In yana son zuwa gona sai in goya shi a babur, ya riƙe rigata, ya sauka fuska a murtuke.

"Ba ni son abin ga," ya ce mini wata rana. "Ka ɗauke ni awa buhun dawa, ka aje ni awa buhun dawa."

Da kaka ta yi, wani tsohon amininsa Bafulatani, wanda muke kira Bappa, ya zo gaishe shi daga rugarsu. Ya zo a kan goɗiyarsa, 'yar duƙusarta na biye da ita ba igiya ba komai. Gunya ce, launinta kamar kunun gyaɗa, doguwar ƙafa, ba ta kai shekara biyu ba, kuma hannun mutum bai taɓa sauka a jikinta ba. Suka zauna suka ci goro. Baba ya karkata kai yana sauraron motsin da ke waje, sai ya ce, "Dabba biyu ka zo da su. Ƙaramar ba ta tsayawa wuri guda."

Bappa ya yi dariya ya ce, "Taka ce. Na gaji da jin an ce kana zaune."

Inna na jin haka ta leƙo daga tsakar gida. "Mi za shi yi da ita? Mutumin da ko randa sai an nuna mai?"

"Hawa," in ji Baba.

Da Bappa ya tafi na zauna kusa da shi na ce in dai hawa yake so, na san inda akwai tsohon doki mai sanyi, wanda ko yaro ya hau ba zai motsa ba. Ya girgiza kai. Ya ce tsohon doki ya riga ya koyi hannun wani, kuma ya koyi cewa mai hawansa yana gani. Shi yana son wadda za ta tashi da shi yadda yake yanzu. Na juya ina kallon duƙusar ta ƙofar zaure, tana zagaye shingen dawaki tana kiran uwarta. Na dubi faɗin goshinta, da yadda take tsayawa ta dubi abu kafin ta guje masa. Na ce, "Baba, zan iya. Amma ba bana ba, ba kuma baɗi da wuri ba."

"Ina gaugawa?" ya ce.

Muka raba aikin ba tare da mun zauna mun raba ba. Abin da ke buƙatar ido nawa ne, abin da ke buƙatar hannu da haƙuri nasa. Na kife masa tsohon turmi a tsakiyar shingen. Kullum da hantsi sai ya zauna a kai da damin harawa a cinya, yana jan carbi, yana magana ƙasa-ƙasa, ba da ita ba ma, da kansa. Ita kuwa ta tsaya can nesa tana huci. Yunwa da son sani suka riƙa matso da ita. Ta fizgi harawa ta gudu, gobe ta fizga ta tsaya, har ranar da ta sa hanci ta shinshina gemunsa. Bai ɗaga hannu ba. Sai da ta saba cin abinci a cinyarsa sannan ya ɗora bayan hannunsa a wuyanta, ya janye tun ba ta ja da baya ba. Wannan shi ne sirrin taɓawar farko: kai za ka janye kafin ita ta janye, don ta gane cewa tsayawa ce ke kawo mata sauƙi.

Daga wuya ya koma kafaɗa, daga kafaɗa zuwa gadon baya, ciki, cinya, har kofato. Na ga abin mamaki a lokacin. Ni da idona sai ta ɗaga kai ko ta kwantar da kunne nake sanin ta tsorata. Shi kuwa tun naman wuyanta na fara tauri a ƙarƙashin tafinsa yake cewa, "Dakata, akwai abin da ba ta so." In na waiga sai in ga kare ne ya shigo, ko bobuwa ce, ƙudan nan mai cizo, ta sauka a ƙafarta.

Ni na sa mata ragama. Na fara shafa ta da igiyar, na rataya mata a wuya, na cire, na mayar, har ta daina kula. Da na ja ta karon farko ta kafe ƙafafu ta ja da baya da ƙarfinta duka. Ban ja ba, ban kuma saki ba. Na riƙe igiyar daidai, na jira. Da ta gaji ta ɗan matso gaba, nan take na sassauta. Ba ta daɗe ba ta gane lissafin. Kafin sanyi ya wuce tana bina har bakin rijiya, tana ba ni kowace ƙafa in na nema, tana tsayawa a turke ba fizge-fizge.

Har nan aikin da na saba ne. Abin da ban saba ba shi ne dokin makaho. Mai ido yana zuwa wa doki ta gefen kafaɗa, inda zai gan shi. Baba zai iya fito mata ta baya, yana lalube, da sanda a hannu, kuma ba abin da doki ya ƙi jini kamar sanda da abin da ya taɓa shi ba zato. Don in san abin da za ta riƙa gamuwa da shi, wata safiya na naɗe idona da rawani, na karɓi sandar Baba, na nufi turkenta. Na yi karo da kwandon dusa, na taka kashi, na dafa wutsiyarta ina tsammanin geza ce. Ta zabura gefe ta take mini yatsa. Inna da matata suna bakin ƙofa suna dariya har da riƙe ciki.

"Gida ya samu makafi biyu," in ji Inna.

Na ci gaba da yi kullum. Na shafa ta da sandar ko'ina, na bar ta ta faɗi a ƙarƙashin cikinta, na buga ta a ƙasa kusa da kofatonta, ina ba ta ɗan dusa da kanwa duk lokacin da ta tsaya cik. Baba kuma ya ɗauki al'adar yin gyaran murya kafin ya iso gare ta. A ƙarshe in ta ji ƙwas-ƙwas ɗin sandarsa sai ta juyo da kanta ta miƙo masa wuya, ta rage masa lalube.

Sai surutu. A bayan gari akwai masu niƙan dutsen zinare, baƙi daga wurare daban-daban, injinansu na ruri daga safe har yamma, babura na shiga suna fita da buhuna. Na riƙa jan ta zuwa can, amma ba na matsawa kusa, kuma kullum ta inda iska ba za ta kawo mana ƙurar ba, don mu mutanen wannan yanki mun san abin da ƙurar nan mai gubar dalma ta yi wa yara a Tungar Guru. In tsaya da ita tana kiwo, injin na kuka. Da farko jikinta rawa yake, gumi na keto mata a wuya. Daga baya har wani ɗan acaɓa ya wuce dab da ita yana matsa hon, ba ta ɗago kai daga ciyawa ba.

Ban ɗora mata nauyi ba sai da ƙashinta ya yi ƙwari. Na fara da buhu fanko, sannan buhu da ɗan yashi, sannan sirdi ba a ɗaure ba. Ranar da na ja majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi ta ƙarƙashin ciki, ta kumbura ciki ta yi tutsu kamar za ta tashi sama. Na bar ta ta zagaya shingen har ta gane abin ba cizo yake ba. Kan linzami kuwa Baba ne ya zaɓa. Ya sa aka kawo masa duk linzaman gidan, ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya ture masu kaifin nan da ke sa doki buɗe baki, ya ɗauki wani tsoho mai santsi.

"Hannuna zai riƙa kuskure," ya ce. "Kada bakinta shi biya."

Hawan farko bai zo da wani labari ba, kuma haka ake so. Na tsayar da ita kusa da turmi, na kwanta a kan sirdin da cikina, na sauka, na sake. Da na ga kunnuwanta a sake, na ɗora ƙafa na zauna. Ta waigo ta shinshina yatsun ƙafata, ta yi ajiyar zuciya. Baba na riƙe da ragama, ya ce, "Ta karɓe ka." Daga nan na koya mata tafiya da tsayawa da murya, na koya mata juyawa da ɗan taɓin linzami a wuya. Sassarfa na koya mata, sukuwa ma ta san ta, amma tsayuwa na fi ba ƙarfi. In aka kai ta gefen turmi, ko me ake yi a duniya, ba ta ɗaga ƙafa sai an ce mata "mu tafi".

Sannan na fara bi da ita hanyar gona, kullum hanya ɗaya: ta bayan masallaci, ta gefen tsofaffin ramukan da masu haƙa suka bari, a ƙetare korama, a ɓulla ta gindin tsamiya. Na sare duk reshen da zai iya samun kan mahayi. Ina sakar mata linzami ta zaɓi inda za ta sa ƙafa. Kuma da gangan nake nufar rami da ita. In ta tsaya, sai in ɗan matsa ta da dunduniya. In ta ƙi, sai in shafa wuyanta in yaba mata, in bar ta ta kewaye.

A nan muka saɓa da Baba. Da na gaya masa abin da nake yi, ya ajiye carbinsa.

"Kana koya mata gardama?"

"Ina koya mata ta ƙi rami, Baba."

"Dokin da anka ce tahi yac ce a'a, ya lalace. Ni na koya maka hakan ga."

"Kai ka koya mini. Amma wancan dokin mai ido ne a kansa. Wannan ita ce mai idon."

Baba ya yi shekara da shekaru yana cire wa dawaki taurin kai, ga shi ɗansa na shuka shi da gangan. Na ƙara da abin da na san zai fi yi masa ciwo, na ce ba zai hau ta da ƙaimi ba. In ta tsaya ya tambaye ta da dunduniya, amma kada ya tilasta ta. Ya tashi ya shiga ɗaki. Washegari na ga ƙaimin nasa a rataye a ƙusar zaure, inda ake rataye abin da aka gama da shi.

Ya hau ta ne da bazara ta biyu, da sassafe, gari ya waye sarai. Inna ta ce ba za ta kalla ba, amma tana nan tsaye a bakin ƙofa da muciya a hannu. Baba ya yi gyaran murya, goɗiyar ta miƙo wuya. Ya lalubi turmi ya hau, ya kama geza, ya yi bismilla, ya sa ƙafa a likkafa. Mutumin da na saba gani a duƙe yana bin bango, yana zama a kan sirdi sai bayansa ya miƙe, kafaɗunsa suka buɗe, hannunsa ya sauka daidai inda ya kamata. Na ja su muka zagaya shingen. Ina jiran ya ce wani abu babba. Sai ya ce, "Likkafar hagu ta fi ta dama tsawo." Na duba, haka ne. Na gyara. Ya ce, "To, saki."

Na saki. Na bi su a ƙasa har gona, ba ta yi kuskuren taki ɗaya ba. Da muka dawo Inna ta juya da sauri ta shige madafa, wai tuwonta zai ƙone, alhali ko wuta ba ta hura ba.

Bayan wani lokaci na daina binsu. Ba a daɗe ba ya dawo wata rana rai a ɓace. Goɗiyar ce ta kafe a bayan masallaci, ta ƙi gaba, ya yi ta jira har wani mai wucewa ya gaya masa abin da ta gani. Baƙar leda ce ta maƙale a ƙaya tana kaɗawa.

"Ga idon da kab ba ni," ya ce. "Leda!"

Ya yi gaskiya, na kuma san maganin abin. Na tara ledoji na ɗaure a shingenta, a turkenta, a sandar Baba, har a gezarta. Na shafa ta da su, na zuba mata dusa a kan leda. Na sake fita da ita ina nuna mata bambanci: in ta tsaya don leda ko tsumma, sai mun wuce, ko za mu wuni. In ta tsaya don rami ko ƙasa mai zaftarewa, ita ke da gaskiya. Dabba mai hankali ce, ba ta wahalar da ni ba.

Da damina ta yi nisa, wata rana aka yi ruwa can gabas, mu ko ɗigo ba mu samu ba. Baba ya tafi gona da hantsi. Azahar ta wuce bai dawo ba. Inna ta fara zirga-zirga tsakanin ɗaki da zaure. Ina shirin fita nemansa sai ga su sun ɓullo ta hanyar shanu, wadda ke zagayawa can sama inda korama ke da duwatsu, hanyar da na taɓa bi da ita amma ba sosai ba. Ƙafafun goɗiyar jiƙe har gwiwa. Na riƙe ta ya sauka. Na shirya jin faɗa.

Bai yi faɗa ba. Ya zauna a kan turmi ya nemi ruwa ya sha.

"Mun zo mashigar korama tat tsaya," ya ce. "Na tambaye ta, ta ce a'a. Na sake tambaya, ta ce a'a. Sai na yi shiru na saurara. Kukan ruwan ba irin na safe ba na. Sai na aje mata linzami bisa wuya, na ce to, ke kika sani."

"Da ta kai ka wani wuri fa?" in ji Inna.

"Ga ni dai ta kawo ni gida."

Ban je na duba mashigar ba. Ban ga dalili ba. Na cire mata sirdi, na goge mata ƙafafu da tsumma, na duba kofatonta, na ƙara mata harawa. Baba ya taso da sandarsa ya zo ya dafa wuyanta, ya daɗe a tsaye a wurin. Daga ranar bai ƙara kiran abin da na koya mata gardama ba.

Labari ya bazu. Mutane suka riƙa tsayawa a hanya suna kallon tsoho makaho a kan goɗiya, shi kaɗai, yana amsa gaisuwa yana kiran kowa da muryarsa. Masu kawo mana duƙusai suka ƙaru, kuma duk wanda aka kawo Baba ne ke fara taɓa shi. Ni sai daga ragama nake karɓa. Dawakin da suka bi ta hannunsa a waɗannan shekarun sun fi duk waɗanda na hora ni kaɗai natsuwa, wannan ba na musu a kai.

Da kaka ta zagayo aka yi haihuwa a gidan Goggo, ƙanwar Baba, a wani ƙauye ta wajen Adabka. Ya ce zai je suna, kuma a kan goɗiyarsa. Hanyar ta fi ta gona nisa sosai. Na bi da ita can 'yan lokuta, na san za ta gane, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Na bar shi ya yi nisa, na ɗaura wa wani doki da nake horarwa sirdi, na bi su daga baya, ina taka yashi don kada a ji ni. Muka wuce gonakin dawa da aka girbe, muka wuce wata ruga. Ina hango farar rigarsa tana tafiya daidai, ba tangaɗi. Wajen wata kuka sai na ga ya tsaya. Ni ma na tsaya. Bai waigo ba, ya dai ɗaga murya.

"Dokin ga naka yana jan ƙahwar baya ta dama. Ka koma gida ka duba mai kofato."

Na sauka na ɗaga ƙafar. Ɗan tsakuwa ne ya maƙale a ciki. Na cire shi da wuƙa. Kafin in ɗago, har ya ce mata mu tafi, sun yi gaba. Na tsaya ina kallonsu har suka sha kwana a bayan kukar, sannan na juya na koma gida, don akwai gyaɗa a shanye da ke jiran a kwashe.

Bayan la'asar ya dawo, da ƙullin goro a aljihu da kwanon waina a ɗaure a bayan sirdi, saƙon Goggo zuwa ga Inna. Ya zauna a zaure yana ba mu labarin wanda ya zo da wanda bai zo ba, da yadda ragon sunan ya tsinke igiya ya shiga cikin mata. Inna na cin waina tana tambayarsa wa jaririn ya yi kama da shi. Ya ce ya shafa fuskarsa, hancin dai na gidanmu ne.